Makullin Kwaɗo na Biyu

Malaminmu na Turanci a aji huɗu mutumin Gana ne, dogo siriri, mai tafiya da sauri kamar kullum a makare yake. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwar safe da cinikin lemo ba. A lokacin Kaura Namoda tana ƙarƙashin Sakkwato, makarantarmu kuwa ta jeka-ka-dawo ce, sabuwa, wasu azuzuwan ko ƙyauren taga ba a sa musu ba. Darasinsa mafi tsawo ranar Alhamis yake, daga shiga aji har fita tara, kuma a ranar yake koya mana sababbin kalmomi ta wata hanya tasa. Yakan yayyanka takarda, ya rubuta kalma ɗaya a kan kowace, ya zuba a gwangwanin alli, kowa ya sa hannu ya ɗauka. Wadda ka ɗauka taka ce har mako ya zagayo. Alhamis ta gaba za ka miƙe gaban jama'a ka faɗi jimloli uku da ita.

Yana da sharaɗi. Ya ce ya gaji da jimlolin da muke kwafowa daga ƙamus, inda ɗan Kaura zai miƙe ya ce dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gidansu. Dole jimla ta zama gaskiya, abin da ka gani da idonka, kuma dole a sami shaida a cikin aji, wanda shi ma ya gani. Idan shaidarka ya ce ba haka ba ne, jimlar ta faɗi. Za ka ci gaba da tsayuwa har ka kawo wata, kuma babu wanda zai fita tara sai ka kawo.

Ni na fi kowa son ranar Alhamis, ko da yake na fi kowa tsoron tsayuwa. Muryata ba ta kai bayan aji. Amma nakan shirya jimlolina tun da wuri, in juya su, in cire abin da bai zauna ba, in haddace, ta yadda idan na miƙe bakina zai yi aikin ko da gabana yana faɗuwa.

Daga Birnin Tsaba na zo. Da na gama firamare mahaifina bai ga dalilin ci gaba ba, mahaifiyata ce ta yi ta bin yayanta har ya yarda in zauna a gidansa a Kaura. Kawu ɗan kasuwar hatsi ne, yana saye a ƙauyuka, ya tara a sito, ya kai Shinkafi da Kasuwar Daji. Ranar da zan taho mahaifina ya raka ni bakin hanya, bai yi doguwar nasiha ba. Cewa ya yi duk ranar da Kawu ya kawo ƙarata, ko sau ɗaya ne, gona tana nan tana jirana. Na san ba wasa yake ba. Saboda haka na koyi zama a gidan Kawu kamar ba na nan. Ba na fara magana, ba na ƙarin tuwo, takalmana a bayan ƙofa nake ajiye su don kada wani ya yi tuntuɓe da su.

Ba wanda ya taɓa zagina a gidan. Inna, matar Kawu, mace ce mai yawan aiki da ƙarancin magana. Sai dai duk yamma idan tana rabon tuwo takan ce wa yara su miƙo kwanon baƙo, kwanona ke nan, kuma har na shiga aji huɗu sunansa bai sake ba. Sannan akwai kwaɗo. Siton Kawu yana jikin zaure, ƙofarsa tana kallon ɗakin da nake kwana. Ranar da na iso kwaɗo ɗaya ne a jikinta, tsoho baƙi. Kafin makon ya ƙare sai na fito da safe na ga an ƙara wani, sabo mai ruwan tagulla, a ƙasan na farkon. Ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba. Amma kowace safiya shi nake fara gani.

Ɗaki ɗaya muke kwana da ɗan Kawu, kuma aji ɗaya muke. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, wato taubashina ne, kuma ya riƙe wannan haƙƙi nasa da hannu biyu. Bai taɓa kirana da sunana ba. Bawana yake ce mini, a gida da makaranta. Zai ɗauke naman da ke kan tuwona a gaban Inna, ta yi dariya ta ce tsakaninmu ne. Zai ɓoye mini biro da safe, ya ce bawa ba ya rubutu sai da izini. Ba mugu ba ne. Idan wani yaro ya taɓa ni a makaranta shi ke fara tsayawa, ya ce ba a dukan dukiyar mutum a gabansa. Da malamin ya zo raba shaidu, ya ji gida ɗaya muke, sai ya haɗa mu. A ganinsa ya yi mini gata. Duk ajin sun yi dariya a ranar, shi kaɗai bai san abin dariyar ba, don bai san taubashi yana da ikon ƙaryata ka ko kana da gaskiya, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi.

Wata Alhamis bayan an gama girbi na sa hannu a gwangwani na ɗauko kalmar superfluous. Ɗakin karatun makarantarmu kabad ɗaya ne a ofishin malamai, a nan babban ƙamus yake. Na nemi izini na duba. Ma'anarta abin da ya wuce buƙata, abin da aka ƙara alhali ba a nema ba, wanda in an cire shi ba abin da zai ragu. Na karanta har na tabbatar, na rufe ƙamus, na fito ina ganin aikin mai sauƙi ne.

Bai zama mai sauƙi ba. Dole abin ya zama wanda ni da taubashina muka gani tare, mu kuwa abin da muke gani tare bai wuce gida da rumfar Kawu da hanyar makaranta ba. Gida kuma ba wurin da zan ɗauko jimla ba ne. Wanda ake riƙo ba ya fita waje ya ce ga abin da ya yi yawa a gidan da ake ci da shi.

Na fara tunanin gyaran da ake yi wa mai saye. Kawu idan ya auna wa mace gero ya cika tiya har ta yi tozo, sai ya ƙara dintsi ɗaya a kai, ko ba ta roƙa ba. Na gaya wa taubashina a hanya. Ya ce in faɗa mana, shi zai shaida, kuma shi da kansa zai kai wa Baba labarin cewa bawansa ya ce yana ɓarnar hatsi. Na bar ta. Ko ba don tsoro ba ma, da na sake dubawa jimlar ba gaskiya ba ce, don saboda wannan dintsin ne matan suke wuce rumfuna da yawa su zo tasa.

Haka na yi ta yi duk makon. In ga abu in ce wannan ya yi, in zauna in auna shi da ma'anar ƙamus, sai in ga akwai wanda yake buƙatarsa. Daga ƙarshe tashar jirgi ce ta cece ni, don ta gefenta muke bi zuwa makaranta. A Kaura dogo ya ƙare. Bayan inda jirgi yake tsayawa akwai guntun ƙarfen dogo da ya ci gaba cikin ciyawa, bai kai ko'ina ba, awaki ke kwanciya a kai. Na sami ɗaya. Mai sayar da kananzir a unguwarmu yana da ƙararrawa biyu a kekensa, ɗaya ta mutu tuntuni bai cire ba. Na sami biyu. Ta uku kuwa mai gadin ƙofar tasha ne, wani tsoho da ba ya rabuwa da laima a naɗe a hammata, ga ruwa ya ɗauke, ga shi a inuwa yake wuni.

Ranar Laraba da yamma na karanta wa taubashina su ukun, na roƙe shi ya shaida. Ya kwanta rigingine a kan tabarma ya ce tun yaushe bawa ya fara shirya wa ubangidansa abin da zai faɗa. Da aka kawo tuwo na tura masa namana tun bai miƙo hannu ba. Ya cinye, ya ce zai duba lamarina. Na ɗauka mun gama.

Washegari ni ne kusan na ƙarshe. Na miƙe na faɗi ta ƙarfen dogo. Malam ya dubi taubashina, ya ce gaskiya ne. Na faɗi ta ƙararrawa, ya ce gaskiya ne, har ya kwaikwayi ƙarar mai rai. Na faɗi ta laima. Sai ya miƙe a hankali, ya gyara wuyan rigarsa kamar lauya, ya ce da Turancinsa mai karkata cewa yana baƙin ciki amma ba zai iya shaidar wannan ba, domin da idonsa ya ga tsohon yana korar awaki da laimar daga bakin tasha.

Ajin ya fashe da dariya. Malam ma ya yi murmushi, ya ce shaida ya yi aikinsa, in kawo wata. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma na taɓa ganin tsohon yana korar awakin. Taubashina don wasa ya faɗa, amma bai yi ƙarya ba, saboda haka ko gardama ba ni da ita.

Na tsaya. Ban taɓa shirya ta huɗu ba. Na dubi allo, na dubi rufin kwano, na dubi tagar da ba ƙyaure, duk abin da ke ajin nan ƙaranci ya yi, ba yawa ba. Aka kaɗa ƙararrawar tara. Muna ji sauran azuzuwa suna fita da gudu, ta taga ina hango masu ƙosai da dafaffen rogo a gindin dogonyaro, yara sun kewaye su. Dariyar ajinmu ta mutu. Wani daga baya ya yi tsaki. Wani ya ce a hankali da Hausa in faɗi ko mene ne, mutane na jin yunwa. Malam ya zauna a gefen tebur ya naɗe hannu, ya ce shi ba ya sauri.

Jimloli biyu ne kawai a kaina, kuma dukansu sun daɗe a can. Ta farko ita ce kwaɗo na biyu. Ta cika kowane sharaɗi, na gani, shaidata ya gani. Amma in na faɗe ta, na tsaya gaban 'ya'yan mutanen Kaura na ce Kawu yana zargina da sata, kuma zargin nasa ba shi da tushe. Daga nan sai Birnin Tsaba. Ta biyun a ganina ba ta taɓa kowa ba sai ni. Ita na zaɓa. Na ce, da Turanci, a gidan da nake kwana ni ne abin da ya wuce buƙata.

Ba a yi dariya ba. Malam kuwa, da yake mutum ne mai bin ƙa'idarsa, ya juya ga taubashina ya tambaye shi ko gaskiya ne. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Idan ya ce gaskiya ne ya tozarta gidan ubansa. Idan ya ce ba haka ba ne, ya bar ni a tsaye da ajin gaba ɗaya. Ya miƙe, bai dubi Malam ba, ni ya duba. Da Hausa ya amsa, alhali yin Hausa a aji laifi ne mai kai mutum yankan ciyawa.

"Ƙarya kakai. Wallahi ƙarya kakai."

Malam bai ji kalmomin ba amma ya ji muryar. Ya ce ginin jimlar daidai ne, in zauna, kowa ya fita.

A hanyar gida taubashina yana gaba ina baya. Bai kira ni bawa ba ranar, bai taɓa namana ba, bai ɓoye mini komai ba washegari. Da ya yi ta tsokanata ina ganin takura ce, da ya daina sai ɗakin ya yi mini ƙunci fiye da da. Ban yi zaton shi zai kai maganar gida ba, kuma ba shi ya kai ba. A ajinmu akwai yaron da rumfar ubansa take jikin ta Kawu.

Na gane maganar ta iso ne daga bakin Inna. Da yamma ta zo rabon tuwo, ta buɗe baki za ta ce a miƙo kwanon baƙo, sai ta fasa, ta tashi da kanta ta ɗauko. Da aka kawo mini, nama biyu ne a kai. Na kasa ci, kuma na kasa barinsa, don barin tuwo ma magana ce. Na cusa shi da ƙyar. Kawu kuwa ya daina tsayawa amsa gaisuwata, sai ya ɗaga hannu ya wuce. Na wanke kayana, na jera littattafaina a akwati, na mayar da littafin da na aro a makaranta, don kada a kore ni da kayan mutane a hannuna. Kullum na ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai in ɗauka mahaifina ne.

Ana cikin haka wata rana bayan la'asar ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi zaune a kan buhu a ƙofar sito, yana gyara zaren basillar ɗinkin buhu. Na durƙusa daga nesa.

"Matso nan. Zamna."

Na matsa. Ya ba ni labarin abin da ya same shi a kasuwa, muryarsa a ƙasa. Ya ce yana cikin awo maƙwabcinsa ya leƙo ya ce ashe Alhaji riƙon 'yan boko yake yi har suna karanta shi a makaranta. Wani ya ce a rage wa yaro aiki, wani ya ce a'a, a ƙara masa miya. Har 'yan dako sun sami abin faɗa. Ya ce shi bai amsa wa kowa ba, don bai san me aka ce ba, Turanci ne. Sai ya ajiye basillar.

"Kalmar ga da kac ce, mi take nufi? Gaya mini da Hausa, kak ka rage komi."

Na gaya masa yadda ƙamus ya ce. Abin da ya wuce buƙata, wanda in an cire shi ba abin da zai ragu. Ya sa na maimaita ƙarshen. Sannan ya tambaye ni.

"An hana ka tuwo gidan ga?"

Na ce a'a.

"Wani ya zage ka? Innarka? Ƙannenka?"

Na ce a'a, Kawu.

"To mi munka yi maka?"

Na ɗaga ido. Kwaɗon yana saitin kansa, yana ƙyalli, da ya ɗan jingina zai taɓa shi. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ambaci Birnin Tsaba.

Bai ambata ba. Cewa ya yi shi ya gano inda laifin yake, kuma nasa ne. Ya ce uwata ta kawo ni ta ce karatu, shi kuma ya ɗauka karatun ne aikina, ya hana a aike ni ko'ina, ya bar ni ina zaune kamar buhun da aka manta a lungu. Ya ce duk ɗan da ba a sa shi aiki a gida dole ya ga kamar ba a son shi. Ya ce ba zai yarda a ce ɗan ƙanwarsa, cikinsu ɗaya, yana kwana gidansa yana ganin in an cire shi ba abin da zai ragu. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullai biyu a zare ɗaya, ya kwance, ya mayar da baƙin aljihunsa, ya miƙo mini mai ruwan tagulla.

"Riƙe. Daga yau siton ga ba ya buɗuwa sai da ni da kai. Mu gani in ba ka nan ko wani abu na raguwa."

Na karɓa da hannu biyu. Na yi godiya, kuma har zuciyata na yi, don na shigo ina tsammanin kora. Inna ta ba ni igiya na rataya shi a wuya. Da na koma ɗaki taubashina ya dubi ƙirjina ya ce lallai duniya ta lalace, bawa ya zama ma'aji. Wannan ne karo na farko da ya tsokane ni tun ranar, kuma na ji daɗinsa har na yi dariya. Sai daga baya na lura dariyarsa ta fi tawa tsawo. Shi ne dama ake tayarwa da asuba ranar kasuwa, yanzu ya huta.

Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci. Makon farko na tashi da asuba na buɗe kwaɗona, Kawu ya buɗe nasa, muka tsaya jiran a-kori-kurar da za ta ɗauki kaya. Direban ba ya zuwa sai ya ga dama. Kafin 'yan dako su gama lodi a rufe sito rana ta ɗaga, na isa makaranta ana fita tara. Mako na biyu motar ta fi haka makara. Kawu ya dubi rana ya ce tunda na riga na makara in hau mu tafi, mai riƙe da makulli ya kamata ya san inda hatsinsa yake zuwa. Mako na uku bai ma faɗa ba, 'yan dako ne suka bar mini wuri a kan buhuna. Daga baya Kasuwar Daji ta shigo ciki, da ranakun da ake kawo kaya daga ƙauye, inda za a aiko yaro har aji a ce Kawu yana ƙofar sito yana jira.

A kasuwa yakan zaunar da ni kusa da shi. Duk wanda ya zo sai ya nuna ni ya ce ɗansa ne, shi ke riƙe da sito. Ya koya mini awo, ya koya mini gane geron da ƙwaro ya shiga tun ba a buɗe buhu ba, ya kama hannuna ya nuna mini yawan dintsin gyara. Da yake ni mai bin abu a hankali ne ban taɓa yi masa kuskure ba, kuma duk ranar da ban yi kuskure ba sai ya ƙara mini wani abin. Maƙwabcin nan da ya fara tsokanarsa har ya ce a ba shi aron ɗan bokon. Kawu ya ce ba na aro ba ne.

Malam ya lura da kujerata. Wata Litinin ya tsayar da ni a baranda ya tambayi abin da ke hana ni zuwa ranar Alhamis. Na gaya masa gaskiya, na ce ana buƙatata a gida. Fuskarsa ta washe. Ya dafa kafaɗata ya ce ka gani, ashe shaidarka ya yi gaskiya, jimlar ƙarya ce. Ya tafi da saurinsa yana jin daɗi. Ya ci gaba da ajiye mini takardata a gwangwani, taubashina yana kawo mini, ina shirya jimloli uku a kan buhuna a hanyar Shinkafi, ba inda zan faɗe su. Bayan wani lokaci takardun suka daina zuwa. Ban sani ba ko Malam ne ya gaji ko taubashina ne yake mantawa. Kafin mu shiga aji biyar malamin ya koma ƙasarsu.

Da na je hutu Birnin Tsaba labari ya riga ni. Mahaifiyata ta kama makullin a wuyana tana juyawa, idonta ya ciko, ta ce ko ɗan cikinsa yayanta bai ba wannan amana ba. Mahaifina ya ce yanzu ya ga amfanin zamana a Kaura. Hutun ma ban gama shi ba, don sito ba ya buɗuwa. Na rasa wanda zan gaya wa cewa ina rasa darasi. Duk wanda na duba murna yake yi mini.

Sau ɗaya na gwada. Jarrabawar fita ta matso, na ga yawan abin da ya wuce ni, musamman Turancin da na fi kowa a da. Na shirya maganata kamar yadda nake shirya jimloli, na cire duk abin da zai yi kama da ƙorafi. Na same shi a ƙofar sito bayan la'asar, na durƙusa, na cire igiyar daga wuyana, na ce ko zai riƙe mini shi zuwa a gama jarrabawa. Bai miƙo hannu ba. Ya dubi makullin a tafina, ya dube ni, fuskarsa ta koma irin ta waccan ranar.

"Mi munka yi maka kuma?"

Na ce ba komai, Kawu. Na mayar da igiyar wuyana.

Ban taɓa sanin dalilin da ya sa aka ƙara kwaɗon nan a makon da na zo ba. Na zauna a gidan har na gama makaranta, ba a kai ƙarata ba ko sau ɗaya, na rubuta jarrabawa makullin yana cikin rigata. Turancin na ci shi da ƙyar.

Hanyar da direban yake bi ya fita gari ta bayan makarantarmu take wucewa. Daga saman buhuna ana ganin cikin ajinmu ta tagar da ba ƙyaure. A lokacin da Malam yake nan, idan motar ta tashi da wuri, nakan hango wani a tsaye yana faɗin jimlolinsa, wani lokaci in hango taubashina a kujerar baya ya juyo yana ɗaga mini hannu. Kawu yana gaba kusa da direba. Idan mun wuce yakan leƙo ta taga ya tambaya ko na rufe kwaɗona da kyau, in taɓa ƙirjina in ce na rufe.